Yadda Za Ki Kai Hamsta Hutu Gidan Manoma Ki Dawo da Shi da Rai

Idan kwaleji ta damƙa miki hamsta, ɗan ɓeran nan mai guntun wutsiya da ake bincike da shi, aka ce ki auna abincinsa da nauyinsa har sati shida, sai ga hutu ya zo, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na ba ki tabbacin zai koma makaranta da ransa. Nazira 'yar Malam Hashimu ta gwada su a ƙauyensu kusa da Zakirai, kuma a wuyan ɗan ɓeran nan takardar kammala karatunta take rataye.

1. Kada ki kira shi ɓera

A gida mai rumbu uku, wannan suna hukuncin kisa ne. Nazira ta ce hamsta ne, daga ƙasar waje aka kawo kakanninsa. Malam Hashimu ya leƙa kejin, ya tambaya ko ana ci, ko ana kai shi kasuwa. Da aka ce a'a, sai ya ce shekara talatin yana yaƙi da ɓeraye, yau ga 'yarsa ta je boko ta dawo masa da mai digiri.

2. Rataya kejin sama

Kyanwa ba ta san darajar ilimi ba.

3. Kada ki auna abinci a gaban kakarki

Nan Nazira ta fara kuskure. Tana ɗora giram goma a sikeli, kakarta Inna Turai ta tsaya a kanta.

"A gidan nan ba a taɓa auna wa baƙo abinci ba."

Nazira ta yi bayani tiryan-tiryan, cewa ko ƙwayar gero aka ƙara aikin ya lalace. Inna ta ce to. Ki riƙe wannan: idan tsohuwa ta yi saurin cewa to, ba ta yarda ba ne.

4. Ɓoye mata kumatunsa

Hamsta yakan cusa abinci a kumatu har fuskarsa ta yi tim, ya kai lungu ya adana. Inna Turai ta ga shekarar fari da yunwa tana amarya, kuma har yau ba a raba bakin zanenta da ƙullin gyaɗa. Ta daɗe tana kallonsa, tausayi ya kama ta. Ta ce wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ba ya irin wannan ɓoyo. Ranar ta raɗa masa suna Mai-tanadi.

5. Idan sikeli ya faranta miki rai, duba lungun keji

Nauyi ya yi ta hawa. Nazira ta cika shafi takwas, tana ganin ta gano abin da ya gagari masana. A sati na huɗu ta ɗaga ɗan akwatin da yake kwana, sai ga gyaɗa, ga ƙuliƙuli, har da ɓarin dabino. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai. Inna kuwa ba ta musa ba.

"Ni ban ba shi ya ci ba, 'yar nan. Na ba shi ya ajiye."

6. Koma makaranta da ƙwarin gwiwa

Malamin da ke duba aikin ya ɗora Mai-tanadi a sikeli, ya dubi Nazira, ya ce a sake daga farko. Ƙawayenta suka gama, ita ta ƙara zango guda. Ta koma ɗaki tana cin alwashin ba za ta sake yi wa Inna magana ba. Da ta buɗe jakarta sai ta tarar da ƙullin gyaɗa biyu a tsumman zanen tsohuwar, babba da ƙarami. Ta kwance ƙaramin ta miƙa wa Mai-tanadi, ba ta ko dubi sikeli ba.

Gargaɗi

Alkawarin rai na yi, ban yi alkawarin takarda ba. Wadda ta bi matakan nan ta maimaita zango, babu hannuna a ciki. Ta kai ƙara wajen kakarta, in ta iya.