Ranar da na shiga rumbun surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka je sa mini ranar aure a Sara, ƙasar Gwaram, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ina karanta labarai a rediyo lokacin, kuma na ɗauka duk wanda ya ji muryata ya gama yarda da ni.

Bisa al'ada bai kamata in bi Kawu ba, amma ni kaɗai ke da babur. Shirin shi ne in ajiye shi in fake a gidan maƙwabta. Muna isa gidan surukan muka tarar ana kwashe tsohon rumbun gero wanda ruwa ya shiga da damina. Na ga dama ta samu. Na tuɓe babbar riga na faɗa ciki tun kafin a gama yi mana maraba. Dammunan ƙasa duk sun yi funfuna, kowanne na ɗaga sai wata ƙura mai wari ta tashi. Na shaƙe ta har azahar, ina jin daɗi ana cewa, "Ashe ɗan birni ma yana da ƙashi."

Saboda wannan bajinta aka ce in zauna a bakin zaure bayan la'asar. Nan sanyi ya fara kama ni, ƙirjina ya ɗaure, tari ya taso.

Tari a gidan nan ba ƙaramar magana ba ce. Yayar Hansatu, wadda nake nema, tarin fuka ne ya kashe ta, kuma a wurin mijinta ta ɗauka. Mahaifinsu ya riga ya faɗa wa Kawu cewa ba zai sake ba mai tari 'yarsa ba.

Sai na yi abin da aka koya mana a gaban makirufo: ka haɗiye yawu, ka ja numfashi ta ciki, ka jira. (Wannan dabara tana aiki na tsawon jimla ɗaya, ba na tsawon gaisuwar dattawa ba.) Idona ya yi ja, hawaye na zuba. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Allah sarki, yaron nan yana son yarinyar nan."

Daga nan tarin ya ɓalle. Na yi ta yi har numfashi ya gagare ni, na kife a kan tabarma. Na ga an janye moɗar da na sha ruwa da ita an ajiye gefe.

Inna, mahaifiyar Hansatu, ko inuwata ba ta yarda ta haɗu da ita. In na shigo ta gabas, ta fita ta yamma. Ita ce ta fito da gudu, ko mayafi babu, ta ɗora kaina a cinyarta tana bubbuga bayana tana cewa, "Yi numfashi, ɗan nan, yi numfashi." Na buɗe ido na ga fuskar surukata karo na farko, daga ƙasa. Na mayar da idon na rufe. Kawu ya ce, "Ya suma." Ban suma ba.

Washegari aka kai ni asibiti a Birnin Kudu, ƙanen mahaifin Hansatu yana biye don ya ji da kunnensa. Aka duba kaki, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce babu fuka. Ƙurar funfuna, in ji shi, ƙwayoyi ne ƙanana da ke kaiwa can cikin huhu. Garkuwar jiki kan cinye kaɗan ba tare da mutum ya sani ba, amma in sun yi yawa sai ta taso gaba ɗaya, huhu ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya. Ba a ɗauka a wurin wani, kuma zai wuce.

Ƙanen ya ce, "Wato likita, jikinsa ne ya yi zaƙewa?"

Kawu ya ce, "Gado ne. Daga mai jikin ya koya."

Aka jira wata guda aka ga ban rame ba, sannan aka sa rana. Ni da Inna muka koma gudun juna, har da ƙari, domin yanzu kowa ya san dalili.

Abin da na koya shi ne, a gidan surukai, aikin da ba a sa ka ba ka bar wa masu gida. In kuma tari ya zo, ka yi shi tun yana ƙarami.