Ranar da Tunkiya Ta Tona Mini Asiri

Ko tsufa ya cinye ni ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tunkiya ta kunyata ni a shagona.

Ni tela ne a Dogon Dutsi, ina kuma taɓa rini. Wata rana na ga bidiyo a salula, ana nuna yadda manyan kamfanonin tufafi na waje suke ɓata ruwan koguna, suna wahalar da ma'aikata, suna cutar da dabbobi. Abin ya taɓa ni, amma (in faɗi gaskiya) kasuwar da na hango ta fi taɓa ni. Na sa aka buga mini 'yan ƙyallaye da Faransanci, ina ɗinka su a wuyan kowace riga, wai aikinmu ba ya cutar da ƙasa, ko mutum, ko dabba. Duk majalisar da na zauna kuwa sai na yi wa'azi a kan zaluncin kamfanonin nan.

Labari ya kai kunnen shugabar wata lakwal, wato makarantar boko, wadda kowa ke kira Madam. Tana neman wanda zai ɗinka wa ɗalibanta kaf koren kaya, aikin da zai riƙe shagona shekara guda. Ta ce sai ta ga wurin da idonta tukuna.

Da damina ne, da hantsi. Na yi shara, na sayo lemo mai sanyi, na miƙa mata samfurin riga. Ta juya shi, ta karanta wuyan, ta tambaye ni inda muke zubar da ruwan rini.

"Rami gare mu, Madam," na ce. "Mai zurfi, a rufe."

Idi marini, wanda ke yi mini aiki kuma ya girme ni, ya yi tari ya dubi ƙasa. Babu wani rami. Bayan katanga muke kwarara shi, ya gangara ya taru a kududdufin da ke kan hanyar kiwo. Na sani sarai, leƙawa ce kawai ba na yi.

Ban gama rufe baki ba sai ga maƙwabciyata Inna Dije, tsohuwar da ta goya ni ina jariri, tana janye da tunkiyarta. Daga baki zuwa ƙirji da ƙafafu huɗu, kore shar.

"Kai ɗan Mamman, hito ka ga aikinka! Mi ni yi maka? Hwara tas na sawo ta kasuwar Dumega, yau ga ta kamar ganyen rama. Kwana biyu ba ta cin komi, sai zawo."

"Inna, wataƙila ciyawa ce ta goga..."

"Ciyawa? Tun kana yawo ba wando nike kiwo, ban taɓa ganin ciyawa mai warin soda ba."

Madam ba ta ɗaga murya ba (da ta zage ni da ya fi mini sauƙi). Ta tashi, ta kara samfurin a ƙirjin tunkiyar, ta duba da kyau.

"Kala ɗaya ce, mushe," in ji ta (mushe shi ne "malam" da Faransanci).

Sannan ta lura da hannun Idi, duk ya tsattsage saboda soda. Ta ce, "Baba, ba ka da safar hannu?"

"An ce za a sawo, Madam," in ji Idi. "Tun bara."

Ta ajiye rigar, ta gode mini, ta fita. Wani tela aka ba aikin.

Washegari na kai tunkiyar wajen likitan dabbobi, Allah ya sa ta tashi. Na nemi gafarar Inna da ta Idi, na sayo safar, na kuma haƙa ramin da hannuna, mutanen unguwa suna wucewa suna yi mini sannu da aiki da wata irin murya.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin mutum ya zagi kamfanin da ke bayan teku, ya fara zagayawa bayan katangarsa. Nawa taku goma ne kacal daga keken ɗinkina.