Nomau da Makunnin Tocila

A Rafin Kanya an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, don yana salla a kan lokaci, yana noma, bai taɓa jifan kowa ba. Ciwonsa ɗaya ne: yadda magana ta shiga kunnensa haka take zama, ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Gida ɗaya suke da yayansa Jatau, falken albasa, wanda rabin shekara yana kan hanya. Matar Nomau sunanta Marka, mace mai kaifin baki, wadda ta daɗe da daina mamakin mijinta, sai dai ta tafa hannu ta koma kan aikinta.

Wata rana Jatau ya dawo daga fatauci da tsarabar tocila mai caji, ja, mai farin haske kamar walƙiya. A ido kyakkyawa ce. Amma wanda ya ƙera ta da alama bai taɓa riƙe tocila ba, don makunninta wani ɗan maɓalli ne mai rufin roba, ya turo kai waje kamar ƙurji. Ka danna ta kawo haske, ka ƙara ta rage, ka ƙara ta shiga ƙyafta ido, kafin ka kai ga kashewa ranka ya ɓaci. Wani lokacin ma ka danna ta yi banza da kai. Jatau ya miƙa wa ƙaninsa, ya gargaɗe shi cewa makunnin ba shi da ƙwari, ba a yi masa ƙarfi, sai an lallaɓa shi. Nomau ya karɓa da hannu biyu. Tunda yake, ba a taɓa damƙa masa wani abu mai daraja ba, kwana ya yi da ita a ƙirji.

Wata rana da hantsi Marka tana shara ta ga kunama ta shige ƙarƙashin gado. Ɗakin ba taga, ko da rana duhu ne, sai ta kira mijinta ya zo da tocila. Nomau ya shigo, ya durƙusa gaban gado, ya ɗora tocilar a tafin hannu, ya kwantar da murya ya shiga ba ta haƙuri. Ya ce ta dubi girman Allah ta kawo haske, ya yabi jan launinta, ya yi mata alkawarin ba zai daɗe da ita ba. Marka ta tambaye shi abin da ya hana shi dannawa.

"Yaya ya ce a lallaɓa shi," in ji Nomau. "Ki yi shiru, ya kusa yarda."

Makunni bai yarda ba, amma kunama ta gaji da jira, ta fito ta harbe shi a gwiwa. Ƙafar ta yi kwanaki a kumbure. Ko da yake kwance yana nishi, abin da ya dame shi shi ne wai ƙila muryarsa ce ba ta yi taushi ba.

Wata rana, ranar kasuwar garin, ya jefa tocilar a aljihun riga ya fita, don a san shi ma yana da ita. Da yake maɓallin a waje yake, yana sunkuyawa wajen mai goro sai ya dannu, haske ya huda riga. Wata mai sayar da kunun zaƙi ta hango, ta ce masa, "Malam, ga wuta a aljihunka." Nomau bai duba ba, bai shinshina ba. Ya rarumi bokitin kununta ya juye a jikinsa tun daga wuya har ƙafa, sannan ya kwanta yana birgima a ƙasa. 'Yan kasuwa suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Mai kunu kuwa ta biyo shi har gida tana zagi, sai da Marka ta fito ta rarrashe ta da kwanon gero. Tun daga ranar makunnin ya yi danƙo, sai an danna da ƙarfi yake motsi.

Wata rana ya kai ta wurin Sallau mai gyaran rediyo, wanda yake da rumfa a bakin tasha. Sallau irin masu gyaran nan ne da baki ya fi hannu aiki, kowane kaya aka kawo masa sai ya busa, ya bubbuga a cinya, ya ce na yanzu duk jabu ne. Ya busa tocilar, ya bubbuga, ya ce makunnin ne ya bushe, a je a ɗiga masa ɗan mai. Nomau ya yi godiya. Da ya koma gida ya yi tunanin abu mai daraja irin wannan bai dace da man banza ba, sai ya buɗe ƙwaryar man shanun da Marka take ɓoyo don tuwon Juma'a, ya cika cokali ya dumbuza wa maɓallin, ya shafe sauran a jikin tocilar har tana ƙyalli. Kafin la'asar kiyashi sun yi mata layi daga bakin ƙofa har kan gado. Marka ta ga ƙwaryarta, ta ga tocila, ta ce saura ya kawo wa tocilar tuwo da miya ta haɗa. Da ba ta yi saurin riƙe hannunsa ba, da ya nufi tukunya.

Wata rana akuyar maƙwabta ta faɗa tsohuwar rijiyar bayan masallaci. Aka kira Tunau mai haƙar rijiya ya shiga, aka ce Nomau ya haska masa daga sama. A lokacin tocilar ta koyi sabon hali, ba ta zama a kunne sai an riƙe maɓallin da yatsa, ana saki ta ɗauke. Da ta ɗauke masa yana tsakiyar rijiya, Tunau ya ɗago kai cikin fushi ya ce kada Nomau ya kuskura ya ɗaga yatsa sai ya ji daga bakinsa. Aka fito da akuya, aka fito da Tunau, jama'a suka bi shi da sannu da aiki, kowa ya watse. Tunau ya tafi gida ya yi wanka, ya ci abinci, ya hau keke ya tafi wani ƙauye biki. Nomau yana nan sunkuye a bakin rijiya, yana haska ruwan da ba kowa a ciki. Masu wucewa suka ce ya saki, ya ce ba su ne suka ce ya riƙe ba. Rana ta dake shi, yatsa ya sandare, haske ya yi ja ya ƙare, bai saki ba. Sai da Marka ta zo ta rantse masa cewa Tunau ya aiko a ce ya saki. Ƙarya ta yi, kuma ta ce ko gaban alƙali za ta maimaita.

Wata rana, ganin haske ya ƙare, ya tambayi wani maƙwabci yadda ake yi. Mutumin yana sauri, ya ce batir ne ya sauka, a kai ta ta sha wuta. Shagon caji yana nan kusa da rumfar Sallau, kowa ya san shi, har awaki. Nomau ya wuce shi ya dawo gida, ya jingina tocila a jikin murhu daidai inda Marka take dafa wake, ya zauna yana fifita mata. Warin roba ne ya fito da Marka daga ɗaki. Ta fizge ta da ludayi, amma rufin maɓallin ya riga ya narke ya manne. Daga baya ita ta kai ta caji da kanta. Aka dawo da ita a cike, sai dai yanzu ta kunna kanta ta ƙi mutuwa, a danna sama a danna ƙasa, haske na nan.

Wata rana bayan girbi Jatau ya dawo, ya tarar da tsarabarsa tana ci da rana tsaka, jikinta zafi kamar an ciro dankali daga toka, gindinta ya ɗan kumbura. Marka ta ce ita dai a fitar mata da ita daga ɗaki. Jatau ya zazzage wa ƙaninsa zagi, sannan ya ce ya mayar wa Sallau. In Sallau ya kasa, ya jefa ta cikin rumbu a kan gero, inda hannunsa ba zai sake kai mata ba, har ranar da za a koma birni a canzo wata. Rumbun nan mai jinka ne, an cika shi taf da geron da gidan zai ci har wata kaka, harawa kuma jibge a gefensa.

Sallau ya karɓa, ya ji zafi ya sake ta a kan tebur. Ko busawa bai yi ba. Ya ture ta da bakin sukudireba, ya ce, "Wannan ta mutu, Nomau. Je ka binne ta kawai."

Nomau ya tsaya hawaye na taruwa a idonsa. Ya tuna maganar yayansa, amma ya ga ai ba a ajiye matacce a cikin abinci. Ya ari fartanya, ya naɗe tocila a tsumma, ya tafi fako bayan gari inda ko ciyawa ba ta fitowa. Ya haƙa rami, ya kwantar da ita, ya mayar da ƙasa, ya daddaɓe da tafin hannu. Yana dawowa ya gaya wa Jatau abin da ya yi.

Jatau ya ce a duk zuriyarsu ba a taɓa haihuwar dolo irinsa ba. Ya tasa shi gaba sai ya tono ta, mutanen unguwa suka biyo su don kada a ba su labari, Marka na baya da mayafi a kafaɗa. Sun hango tudun ƙasar ke nan sai suka ji wani huci kamar na kububuwa. Ƙasa ta tsage, farin hayaƙi mai wari ya turnuƙe, sai ƙara, sai harshen wuta ya yi tsiri daga ramin yana tartsatsi. Masu dariya suka ja da baya, wasu suka zubar da takalma. Wutar ta ci ta cinye, ba ta sami abin kamawa ba a fakon, ta mutu.

Jatau ya juya ya dubi jinkar rumbunsu da take leƙowa ta saman katanga, ya daɗe yana kallo yana tuna inda ya ce a jefa ta, sannan ya zauna a ƙasa. Marka ta dafa kafaɗar mijinta a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce yau dai ya yi kai.

Nomau ya ture hannunta, ya durƙusa gaban baƙin ramin yana kuka.

"Sallau ya cuce ni," ya ce. "Ashe da sauran ranta na binne ta."

Ranar ya ƙi cin abinci. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna zaman makoki. Mutanen Rafin Kanya, waɗanda kowannensu yake da irin tocilar nan a ƙarƙashin matashi, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa gaisuwa, ba mai ko murmushi.