Idon Bayan Motata Ya Rufe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma bashin kuɗi har won dubu ɗari huɗu da talatin a wuyan Pyo, mijin 'yata ta biyu, ni Bang Mal-sun mai kabeji nake sanar da dangi, maƙwabta da 'yan gulmar ɗakin taron ƙauye rasuwar kyamarar bayan a-kori-kurata. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara shida.

Marigayiya ba ta fi kan babban yatsa girma ba, amma ta fi mazan gidan nan amfani ko an haɗa su wuri ɗaya. Tun da wuyana ya ƙi juyawa, ita ce ƙeyata. Ina sa giyar baya za ta nuna mini komai a ɗan allon gaba, ta ja layi kore, ta ja ruwan ɗorawa, ta ja ja. Idan akwai abu nesa, ta ce ɗit… ɗit. Idan ya matso, ɗit-ɗit-ɗit. Idan ta ja dogon ɗiiit, ko uban waye sai ya taka birki. Da wannan kukan ta ceci tulunan miyar matar mai unguwa guda bakwai. Da shi ta ceci tsoho Gwak, ranar da ya tsuguna a bayan tayata yana shanya barkono, kamar babu sauran fili a duk lardin. Har yau bai ce an gode ba. Yanzu dai ya makara.

Ta rasu ta bar yayarta ta gilashin gaba, wadda ke tsawa idan na kauce layi, take kuma taka birki da kanta idan wani sakarai ya faɗo titi. Ta bar ƙanne biyu a ƙarƙashin madubai. Dukkansu lafiya lau, amma babu mai ganin baya a cikinsu. Ta kuma bar ni, da sharaɗin babban ɗana Du-cheol a kaina. Shi ne ya ce, “Inna, ranar da kika ja motar da ba ta ganin baya, ranar zan karɓi makulli.” Yana zuwa bikin kaka, saura kwana tara. In makulli ya tafi, kabeji ya ruɓe a gona, ni kuma in koma cikin tsofaffin da ke zaman jiran bas.

Ga yadda jinyar ta fara. Pyo ya sayi tsohuwar mota, ya tara mu a yi mata abin da ake yi wa sabuwa: a zuba giyar shinkafa a tayoyi huɗu, a ɗaure busasshen kifi da farin zare don tsari. Giya ta yi saura. Maimakon ya shanye kamar yadda ya saba, sai alheri ya motsa masa.

“Inna, bari taki ma ta samu albarka.”

“Tayoyi kawai,” na ce.

“Ai ido ya fi taya buƙata, Inna.”

Kafin in ajiye kwanon da ke hannuna, ya juye wa marigayiya rabin kwalba a fuska, ita kuwa dama da ɗan tsagu a gefe. Washegari ta fara ganin duniya fari fat kamar madara. Rana ta biyu ta yi ta ihu alhali babu ko kaza a bayana. Rana ta uku allo ya yi baƙi. Bakanike Yeom ya kwance ta, ya sansana, ya ce, “Inna, wannan ba ciwo ya kashe ta ba, maye ne. Waye ya ɗura mata?”

Na aika wa Pyo lissafin kuɗin sabuwa, na ce ya biya. Sai ga shi da yamma, ba ambulan ɗin kuɗi, ba kunya, da busasshen kifin nan a hannu. Ya ɗaure shi daidai inda marigayiya take zama.

“Kafin albashi, Inna. Kin ga idonsa a buɗe yake, ba ya ko ƙiftawa.”

Na ce, “Da idon nasa a buɗe aka kama shi, ɗan nan. Kamar yadda 'yata ta aure ka.”

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a garejin Yeom. Masu ta'aziyya su zo da farin ambulan na gudummawa. Gwak ya zo da baki kawai, kalma biyu ake nema a wurinsa. Bayan an sa marigayiya a kwandon ƙarafa za a sha miyar kifin, irin wadda ake ba wanda ya kwana da maye, kuma Pyo ne zai fara.

Idan ambulansa ya zo da nauyi, Yeom zai ɗaura sabuwa kafin azahar. Idan ya zo da labari, to ya sani 'yata ta riga ta kawo mini makullin motarsa na ajiya, kuma na leƙa, idon bayan motarsa garau yake gani. Du-cheol cewa ya yi motar da ba ta ganin baya, bai ce motar wa ba. Na auna kujerun, za su ɗauki kabeji sittin, jiƙaƙƙe da gishiri.