Rasuwar Birkin Hannu a Gangaren Gidan Baffa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma wadda ba ta rusuna wa kowa ba, nake sanar da rasuwar Birkin Hannu na motar marigayi mahaifina. Motar nan ce Baffa, wan mahaifina, ya umarce ni har sau uku in miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe, sau uku kuma ina ce masa a'a.

Marigayin ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a tsakanin kujerun gaba. Ba shi da surutu. Maganarsa ɗaya ce, ƙar-ƙar-ƙar, kuma tun ina firamare Baba ya koya mini ƙirga ta: in ya yi bakwai ya tsaya, lafiya lau, in ya haura goma, a shiga ƙarƙashin mota da sufana a ɗaure masa noti.

Ciwon ajali ya kama shi bara, da ƙirgar ta kai goma sha huɗu. Bakanike ya ce wayar ta fara tsintsinkewa, kuma an daina yin irinta. Na shimfiɗa kwali, na kwanta da kayan ofis, na ɗaure shi da kaina. Tsatsa ta zubo mini a ido, sufana ta kuɓuce ta fasa mini leɓe, na tofar da jinin na ci gaba. Haka kowane wata. A ɗaurin ƙarshe, ƙar uku kacal ya yi ya cije. Na ɗauka ya warke, ashe sauƙin nan ne da majinyaci ke samu ana gobe zai tafi.

Ya cika ranar Asabar da hantsi, a saman gangaren da ke sauka gidan Baffa, inda aka kira ni taron dangi a kan motar. Na fito ke nan, ina rufe ƙofa ya ce tau! kamar bindiga. Mota ta yi baya. Na cafke hannun ƙofa, ta ja ni a kan tsakuwa, ta saɓule mini fatar gwiwoyi, ta karya mini tsintsiyar hannu, sannan ta tumɓuke get ɗin Baffa ta kwantar da shi a kan babur ɗinsa. Baffa ya fito, bai dubi hannuna ba, ya sharara mini mari a gaban 'ya'yansa, ya ce in zaɓa, ko motar ko shi. Kunnena yana ƙara, na ba shi amsa ta huɗu, irin ta farko.

Marigayin ya bar yayansa Birkin Ƙafa, da tayoyin baya biyu da ya yi wa riƙo, da wani dutse da ya gaji muƙaminsa.

Za a yi jana'iza gobe ƙarfe goma a gareji. Bakanike zai zaro gawar, ni zan naɗe ta in sa a akwatin kayan aikin Baba. Masu ta'aziyya su gaisa da ni da hagu, hannun dama yana ɗaure sai nan da wata biyu. Kada a ajiye wa dangin mahaifina kujera, Baffa ya hana su taka gidana. Motar tana nan a tsakar gida, kuma ba ta sayarwa ba ce.