Jinin da Na Gani a Cikin Fura

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida surukaina a Bunguɗu. Lokacin nan jita-jita ta cika Gusau, wai masu ƙanjamau suna ɗiga jininsu a abinci don kada su tafi su kaɗai. Ni kuwa na hau na zauna. Ko zoɓo na daina sha, saboda ja ne.

A mota na ɓantari jan goro don kada in yi gyangyaɗi (ku riƙe goron nan, zai dawo). Aka sauke ni a zaure gaban Baba, mahaifin Hadiza da nake nema. Sai ga yayanta Sani da ƙwaryar fura. Bai daɗe da dawowa daga Legas ba, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Legas, ga rama. Nan take na gama yi masa gwaji a zuciyata.

Don kunya na kurɓi ludayi ɗaya, na mayar. Ina dubawa sai ga ja yana yawo a kan farar fura. Na miƙe, na ture hulata, na ƙwalla ihu: "Jini! Ƙanjamau! Ya kashe ni!" Kuma Sani na nuna da yatsa.

Ina jin mata sun daina daka a cikin gida.

Baba ya leƙa ƙwarya, ya dube ni. "Malam, buɗe bakinka mu gani."

Na buɗe. Goro ne caɓe-caɓe har dasashi.

"To jinin wanga, na goro ne," in ji Baba.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, Hadiza ta tafi. Sani, wanda ashe taifot ce ta kwantar da shi wata guda, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ko da ina da ita, ba a ɗaukarta a hura. Tambayi likita." Ya ɗauki ludayin da na sa a baki, ya sha. "Ni kam ban ji ƙyamarka ba."

Wannan ya fi mari zafi. Na tambayi likitan, gaskiyar Sani ce.

Sai da kawuna ya yi sawu uku yana ba da haƙuri kafin a ba ni Hadiza. Tun daga ranar, kafin in zargi ƙwaryar wani, bakina nake fara dubawa. Har yau kuma idan na je Bunguɗu, Sani ne ke kawo mini fura, ya tsaya a kaina yana tambaya: "An ci goro?"