Kunkuru a Layin Gwajin Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata 'yar China ta zaro sirrina daga tankin mota a bainar jama'a, a hankali, kamar mai warware rawani.

Motar tsohuwa ce, ta girmi aurena. Na saye ta wajen wani Alhaji da ya tattara ya koma Kano, kuma 'yata Amira ce ta raɗa mata suna Kunkuru, don ko mai keke wuce mu yake yi in na lafta mata dilolin kaya daga kasuwar Shisanhang a nan China. Shekara huɗu muna shiga cikinta mu uku, ni da Amira da mamanta. Da takardun zamansu suka ƙare aka ƙi sabuntawa, a cikinta na kai su filin jirgi. Amira, 'yar shekara biyar, ta riƙe ƙofar motar ta ce, "Abba, in mun dawo, da Kunkuru za ka zo ɗaukarmu?" Na ce da ita zan zo, in sha Allah.

A hanyar dawowa na tsaya shan mai, idona ba ya gani sosai (in an tambaye ni, mura ce). Sai da na isa gida na ga babu murfin tanki. To, ɗan Kano ba ya neman shawara a kan wannan. Na leƙa kujerar baya, na ga ɗankwalin da Maman Amira ta manta, na naɗe shi a leda na cusa a bakin tankin, na ce gobe zan sayi murfi. Goben nan ta kai wata goma sha ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki wata wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ita ma na yi mata maganin gida: na ɗauko ƙaramin hoton fasfo na Amira na manna a kanta da salatif. Wuta ta ɓace, kuma duk sanda na duba gudun mota sai mu haɗa ido da 'yata. Ina kewarta ƙwarai, har na riƙa yi wa hoton hira in an tsaya a danja.

Sai ga albishir, an ba su bizar ziyara, saura mako uku su iso. A daidai lokacin kuma gwajin Kunkuru ya zo, don a nan duk shekara sai an auna hayaƙin tsohuwar mota, in ta faɗi ba ta ƙara hawa titi. Ta kuwa faɗi. Aka miƙo mini takarda, wayata ta fassara cewa matsalar a hanyar mai take.

Bayan sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng na nuna wa abokina Isuhu, mutumin Maraɗi mai harkar wayoyi. Ya ce, "Malam, kai ta wurin masu gyara, su jona mata na'ura."

Na ce, "Ni? Mahaifina shekara talatin yana bakanike a Ƙofar Ruwa. A cikin baƙin mai na yi rarrafe." (Gaskiyar magana, aikina a garejin Baba miƙa sifana ne, ita ma sau da yawa ba wadda ya nema ba.)

Na sauya filtar mai. Na sauya fulogi. Na wanke nozul, na cire famfon mai mai lafiya na sa sabo, har na zuƙi tiyo na wuni ina gyatsar fetur. Ɗankwali kuwa ko a raina, don a gida rabin motocin unguwarmu da tsumma suke yawo, ba wadda ta taɓa kai ƙara.

Ranar gwaji na biyu na tafi da Isuhu, don ya zama shaida. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta jona kwamfutarta, ta yamutsa fuska. Ta leƙa gaban sitiyari tana neman wutar da kwamfutar ta ce tana ci, sai ta ci karo da Amira. Ta sa farce ta ɓare hoton. Ga wuta nan tar, kamar jiya aka kunna ta.

"Lawban," ta ce, wato maigida, tana girgiza kai. Ta zagaya baya ta buɗe 'yar ƙofar tanki (a gidan mai kullum ni nake riga ma'aikaci isa wurin). Ta ja, leda ta yage, ɗankwali ya fara fitowa, atamfa mai jan fure, yana ta fitowa ba ya ƙarewa. Ta ware shi da hannu biyu a gaban layin motoci. Direbobi suka fito, wasu har da ɗaga waya.

Ta murza hannu alamar murfi. "Meyo?" Babu ke nan.

"Meyo," na ce, ina kallon takalmina.

Isuhu ya dafa bango don dariya. "Malam, wagga ma a Ƙofar Ruwa anka koya maka?"

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai na ga ma'aikaciyar ta nufi kwandon shara da ɗankwalin. Ban san sanda na yi tsalle ba, ni da gemuna da babbar jallabiyata, na fizge tsumma mai warin fetur na rungume, ina faɗa mata da Hausa, "Na matata ne! Na matata ne!"

Har Isuhu ya bar dariya. Ta dube ni, ta dubi hoton da ke hannunta. Sai ta kawo leda mai tsabta ta buɗe mini, ta miƙo hoton da hannu biyu. Ta juyo bayan wayarta, ga hoton wata yarinya sa'ar Amira a manne, ta nuna can nesa da yatsa, wato ita ma tata ba ta kusa. Sannan ta nuna mini shagon da ke tsallaken titi.

Sabon murfi ne kawai maganin. Ashe tankin nan in yana shan iska sai motar ta kai ƙara, ta kunna wutar nan. Bayan kwana biyu Kunkuru ta ci gwaji.

Da ita na je filin jirgi. Amira ta yi tsawo, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ta dubi hoton, wanda na mayar jikin madubi, ta ce, "Abba, wace ce wannan 'yar ƙaramar?" Mamanta kuma ta buɗe aljihun gaban mota ta tarar da ɗankwalin, wanki uku bai raba shi da fetur ba. Ta ce, "Abban Amira, shekara guda ina zargin ƙanwata a kan ɗankwalin nan." Daga baya Isuhu ya ba ta sauran labarin, har da ƙari.

Abin da na koya shi ne, in wuta ta kama a duba ta, kada a rufe, balle da fuskar wanda kake so, don hannunka ba zai iya ɓarewa ba. Sun yi wata guda suka koma. Da na dawo daga rakiya na leƙa kujerar baya, sai ga wani ɗankwalin a ninke, da ƙamshin turaren Maman Amira. Wannan karon ba mantuwa ta yi ba, ni ma ban kai shi tanki ba.